Mita 20 na waya: yadda ake kafa eriyar gajeren zango a cikin gida

Da wuya ka sami gari a ƙasar Hausa da ba a taɓa ganin dattijo ya ɗaura guntun waya a kan eriyar rediyonsa ba, ya ja ta ya maƙala a ƙusar taga ko a reshen darbejiya, don muryar London ko ta Jamus ta fito ras. Tun da BBC ta fara watsa shirye-shirye da Hausa a 1957, Muryar Jamus ta biyo baya a 1963, Muryar Amurka a 1979, sannan Rediyon Faransa a 2007, mutanenmu suka saba da gajeren zango sabo irin na gida. Manomi da bai taɓa shiga aji ba ya san mita 16 da mita 25 da mita 41, ya san wadda ke kamawa da hantsi da wadda sai bayan isha'i. Wannan ilmi ne na gaske, kuma kunne ne ya koyar da shi.

Abin da bai yaɗu a cikinmu ba shi ne cewa a gefen waɗannan manyan tashoshi akwai 'yan filaye da dokar duniya ta keɓe wa mutane na gama-gari su yi magana da juna. Dab da mita 41 da muka sani akwai mita 40, daga megahaz 7.0 zuwa 7.2 a yankinmu na Afirka da Turai, kuma a nan malamin makaranta a Italiya ke gaisawa da mai ritaya a Afirka ta Kudu, kowa daga ɗakinsa, ba intanet, ba kati. Su ne masu rediyon sha'awa. Ƙungiyarsu ta duniya an kafa ta a Faris tun 1925, kuma kowace ƙasa tana da harafin da lambar kiran 'ya'yanta ke farawa da shi: 5N na Nijeriya, 5U na Nijar, 9G na Gana, TJ na Kamaru, TT na Cadi, ST na Sudan. Duk ranar da wata tasha ta ɗaga murya da 5U ko TT, sai ka ji masu kira daga Turai da Japan sun yi mata caa, saboda ƙarancin masu fitowa daga can. Sau da dama ma mai maganar baƙo ne da ya zo aiki ko ziyara. Wannan yana damuna. Ƙasar da ta fi kowa iya sauraro bai kamata a ce ba ta da baki ba.

Mutane da yawa suna ɗauka cewa tsadar na'ura ce ta hana. Tsada kam akwai ta. Amma abin da ke sa a ji ka a nesa ya fi rataya a kan eriya, kuma eriyar da zan yi bayani a kai waya ce ƙwaya ɗaya, irin wadda kowane mai wayarin ke da ita a jaka.

Me ya sa ta baki ɗaya

Eriyar da aka fi koyarwa a littattafai waya ce da ake yankawa gida biyu, a shigar da kebul a tsakiya, a ɗaga tsakiyar sama. Tana da kyau ƙwarai, sai dai tana son wurin ɗauri uku, kuma kebul mai nauyi zai riƙa lilo a tsakar gida, daidai inda ake shanya da girki da kai-komon yara. Gidajenmu na birni kuwa, filoti ne mai ƙafa hamsin da ɗari ko abin da bai kai ba, ɗakuna sun zagaye, ɗakin mai gida yana can gefe ɗaya. Ga irin wannan gida, wayar da ake shigar wa da sigina ta bakinta ɗaya ta fi dacewa: baki ɗaya yana kusa da tagarka, ɗayan yana can kan bishiya ko sanda a ƙarshen gida, shi ke nan.

Dabarar ba sabuwa ba ce. A ranar 12 ga Disamba 1901, lokacin da Marconi ya ce ya ji ɗigo uku na harafin S da aka aiko daga Poldhu a Ingila, yana zaune a kan wani tudu a Newfoundland, doguwar waya ce kawai ya sa iska ta ɗaga masa sama, bakinta na ƙasa a jikin na'urarsa. A 1909 wani Bajamushe, Hans Beggerow, ya yi rajistar wata eriya da ake sakowa daga jiragen Zeppelin, waɗanda ke cike da iskar gas mai kama wuta. Burinsa shi ne ya nisanta wurin da wutar ta fi ƙarfi daga gas ɗin. Daga baya Josef Fuchs na Ostiriya ya fito da tasa hanyar a 1927, kuma har yau Jamusawa da sunansa suke kiran irin wannan eriya. Abin da ya sauya a zamaninmu shi ne samuwar zoben ferait mai araha, wanda ya mayar da akwatin da ke haɗa kebul da wayar ya zama ɗan abu da zai zauna a tafin hannu.

Tsawon wayar

Lissafin ɗaya ne. Ka raba 143 da mitar da kake so a megahaz, abin da ya fito shi ne tsawon wayar a mita. Idan kana son 7.1, za ka sami mita 20 da 'yan santimita. Wannan rabin tsawon zangon ne, shi ya sa wayar mita 20 ke hidimar mita 40.

Don a gane abin da ke faruwa a jikinta, a dubi tsirkiyar garaya. An ɗaure ta a baki biyu, in an kaɗa ta tsakiyar ce ke rawa sosai, bakunan kuwa ba sa motsi. Haka gudun wuta yake a wannan waya: ya fi yawa a tsakiya, ya kusan ƙarewa a bakuna, kuma inda ya fi yawa daga nan sigina ke tashi. Tsirkiyar kuma ba sauti ɗaya take da shi ba, tana iya rawa gida biyu, gida uku, gida huɗu. Wayarmu ma haka: wadda aka yanka don megahaz 7 za ta amsa a 14, a 21, da 28, wato mita 20, mita 15 da mita 10. Zango huɗu ke nan da waya ɗaya, ba tare da an sauko da ita an sake awo ba. Wanda Allah ya hore wa fili, kamar a ƙauye ko gidan gona, in ya ja mita 40 na waya zai ƙara da mita 80.

Wayar wutar gida mai kaurin 1.5 ta isa, mai silli-silli a ciki ta fi jure kaɗawar iska. Sai dai a lura da kasuwa. Akwai wadda aka yi wa wankan jan ƙarfe kawai, cikinta alminiyom ne ko baƙin ƙarfe. A kankare bakinta da wuƙa a duba launin ciki, a kuma kara mata maganaɗisu. Waya mai rigar roba takan so ta ɗan fi lissafi gajarta, amma duk da haka a yanko mita 21. Ragewa ta fi ƙari sauƙi.

Akwatin da ke ɗauke da nauyin aikin

A nan ne aikin yake, kuma a nan ne yawancin masu farawa ke tuntuɓe. Na'urar magana da kebul ɗinta an gina su ne a kan om 50. Bakin wayar rabin zango kuwa, inda gudun wuta ya yi ƙasa ƙarfinta ya yi sama, yana nuna om dubu biyu zuwa dubu huɗu ko fiye. In ka haɗa su kai tsaye, kusan duk abin da ka tura zai dawo maka, na'urar ta rage ƙarfinta don kare kanta, ko ta ƙone. Sai an sa taransfoma a tsakani.

Wadda aka fi amfani da ita ana ce mata 49 da 1. Ana samo zoben ferait mai lamba FT240-43, faɗinsa wajen santimita 6, a yi masa naɗi biyu a ɓangaren kebul da naɗi 14 a ɓangaren eriya. Goma sha huɗu a raba da biyu bakwai ne, bakwai sau bakwai 49, sannan 49 sau 50 ya ba da 2,450. Daga nan sunan ya fito. Wayar naɗin ita ce jar wayar nan mai fenti da masu naɗin fanka da injin ban ruwa ke aiki da ita, mai kaurin milimita ɗaya ko kusa da haka, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa a rumfarsu ya ga yadda suke jan waya tsaf ba tare da sun kankare fentin ba ya san hannun da aikin ke so. Ana murɗa wayoyi biyu tare don naɗi biyu na farko, sannan doguwar ta ci gaba ita kaɗai har a cika 14. Ƙidayar kuwa ba ta waje ake yi ba: duk sanda waya ta ratsa ramin zoben, naɗi ɗaya ke nan. Masu kuskure a nan suna da yawa, sai su tashi da 13 ko 15 suna mamakin abin da ya faru. Daga ƙarshe a sa ɗan kafasito mai pikofarad 100, wanda ke jure wuta mai ƙarfi, a bakin shigar kebul; shi ke gyara zaman mita 15 da mita 10.

Kafin a hau ko'ina, a gwada akwatin a kan tebur. A sami resisto biyu masu om 4,700, a haɗa su kafaɗa da kafaɗa su ba da 2,350, a sa su a madadin eriya, a auna. In awon ya yi kyau daga megahaz 7 har 28, naɗin ya yi. Abin awon da ya sauƙaƙa wa kowa rayuwa a shekarun nan shi ne NanoVNA, ɗan abu kamar ƙaramar wayar hannu, wanda ke zana maka a allo inda eriya ke amsawa.

Ina gargaɗi a kan zoben. Ba kowane baƙin zobe da aka ciro daga tsohuwar kwamfuta ko inbata zai yi ba, ko da ya yi kama da shi sak. Haɗin da aka yi shi da shi ne ke aiki, ba siffarsa ba. Zobe mara dacewa zai iya nuna awo mai kyau alhali yana cinye ƙarfinka yana mayar da shi zafi. In za ka kashe kuɗi a wuri ɗaya, to a nan ne.

Akwai wata 'yar'uwar wannan eriya da ake yawan rikita su: waya mai kowane tsawo da taransfoma 9 da 1. Ita ma tana aiki, amma sai da na'urar daidaitawa a ɗaki, kuma tsawon da waccan ke so shi ne wannan ke gudu. Kada a haɗa akwatin ɗaya da wayar ɗaya.

Ɗagawa

Tun da tsakiyar waya ce ke aikin, ita ya kamata ta fi samun sarari da tsawo. Ana iya jan ta a miƙe daga saman ɗaki zuwa bishiya, ana iya ɗaga tsakiyar a kan doguwar gora bakunan su sauko, ana iya hawa da ita tsaye mita shida ko bakwai sannan a karya ta ta tafi a kwance. Duk suna aiki. Wayar tana haƙuri da lanƙwasa, muddin ba a naɗe ta ta dawo kan kanta ba.

Tsawo yana sauya inda muryarka ke sauka. A mita 40, wayar da ke kwance ƙasa da mita 10 daga ƙasa tana harba yawancin siginarta sama, ta bugi rufin iska mai caji da ke can ɗaruruwan kilomita, ta dawo kusa. Wannan ba asara ba ce. Da rana irin wannan eriya ce za ta haɗa Kano da Damagaram, ko Sakkwato da Maraɗi da Kaduna, inda tsaunuka da nisa suka fi ƙarfin oba-oba. Ita dai wannan wayar, a wannan tsawon, in aka koma mita 20 ko mita 15 sai ta zama mai tsawo idan aka kwatanta da zangon, ta riƙa harbawa ƙasa-ƙasa zuwa Turai da Kudancin Amurka.

Kwanon rufi abokin gaba ne. Wayar da ta bi ta kan kwano da tazarar taku ɗaya za ta sauya awo, ta kuma zubar da ƙarfi. A nisanta ta da mita biyu ko uku in da hali, haka ma tankin ruwa na ƙarfe da wayar tsaro ta kan katanga. A bakin da ke nesa a sa guntun bututun roba na famfo mai huji biyu, waya a ɗaya, igiya a ɗaya, don kada wayar ta taɓa ganye. Bishiya kuma tana rangaji. In aka ɗaure tam, iskar farkon damina za ta tsinke wayar a dare ɗaya. A bar mata ɗan sassauci, ko a ratsa igiyar ta kan reshe a rataya mata galan mai yashi, ya riƙa hawa da sauka da motsin bishiyar.

Maganar wayar lantarki ta titi ba ta da sassauci ko kaɗan. Kada eriya ta bi ta samanta, kada ta bi ta ƙarƙashinta, kada a kafa sanda inda in ta faɗi za ta kai gare ta. Kada kuma a ce ai babu wuta yau. Ba a sallama kafin a kawo ta. Mutane sun mutu a wannan aiki a ƙasashe da dama, kuma da yawansu ta wannan hanya ce. Ita kanta eriyar, in kana tura wat 100, bakinta yana ɗauke da wajen bolt 500, abin da zai ƙona yatsa ƙuna mai zurfi. Akwatin da bakin nesa duka su kasance inda hannun yaro ba zai kai ba.

Hanyar dawowa da hayaniyar gida

Ana yawan cewa wannan eriya ba ta bukatar komai sai waya ɗaya. Gaskiyar ba ta cika ba. Wuta ba ta tafiya sai da hanyar dawowa, kuma in ba ka tanadar mata ba, za ta bi ta bayan rigar kebul ɗinka har cikin ɗaki. Alamominta sanannu ne: makirfo ya ɗan cije ka a leɓe, kwamfuta ta riƙa yanke haɗi duk sanda ka danna magana, lasifikar maƙwabci ta ɗauki muryarka. Maganin abu biyu ne. A jikin akwatin a ɗaura guntun waya kamar mita biyu a ɓangaren rigar kebul, a bar ta tana reto. Sannan kafin kebul ya shiga ɗaki a naɗa shi sau goma zuwa goma sha biyu a kan wani zoben ferait, ya toshe abin da ke bin baya.

Toshewar nan tana da amfani na biyu, wanda a wurinmu ya ma fi na farko. Hanyar da sigina ke bi ta shigo ɗaki, ita hayaniyar ɗaki ke bi ta fita zuwa eriya. Gidajenmu yanzu cike suke da inbata ta sola, cajar waya mai araha, ƙwan fitila na zamani, ga janareton maƙwabta. Kowannensu yana fesa ƙara a gajeren zango. Wanda ya kunna na'ura ya ji shuuu ta rufe komai, ya gwada wannan: ya sa na'urar a batir, ya kashe wutar gidan gaba ɗaya har da inbata. In ƙarar ta faɗi, ɓarawon na cikin gida ne, sai a riƙa kunna kaya ɗaya bayan ɗaya har a kama shi. Sau da yawa caja ɗaya ce ta 'yan nairori.

Kebul ɗin da ya dace shi ne mai om 50, RG-58 in tazarar ba ta da yawa, RG-213 in ta yi nisa. Na tauraron ɗan'adam da ke ko'ina a kasuwa mai om 75 ne. Zai yi aiki in babu wani, sai dai rigarsa alminiyom ce, ba ta kama dalma.

Daidaitawa

A ɗaga wayar zuwa inda za ta zauna sannan a auna, domin awon da aka yi tana kusa da ƙasa ƙarya ne. Abin da ake nema shi ne inda SWR, wato awon yawan ƙarfin da ke dawo maka daga eriya, ya fi faɗuwa. In ya faɗi a ƙasa da megahaz 7.0, wayar ta yi tsawo. Kashi ɗaya cikin ɗari na tsawo yana motsa mita da kashi ɗaya cikin ɗari, wato santimita 20 suna tafiya da kusan kilohaz 70. Kada a yi gaggawar sa almakashi: a lanƙwasa bakin ya kwanta a jikin wayar a ɗaure, a sake ɗagawa, a sake aunawa. A duba sauran zangunan uku kafin a yanke hukunci, don wani lokaci sai an ɗan sadaukar a mita 40 kafin mita 20 ta zauna daidai. Duk abin da ya gaza 2 da 1 ya wadatar. Na ga masu ɓata mako guda suna farautar 1 da 1, alhali ƙarin mita biyu na tsawo zai fi yi musu amfani nesa ba kusa ba.

Damina, hunturu da bazara

Littattafan da aka rubuta a Turai suna maganar ƙanƙara. Mu namu daban ne. Da damina, da zarar hadari ya haɗo, a cire kebul daga na'ura, a fitar da bakinsa waje, tun kafin a fara jin rugugi. Ba sai aradu ta faɗa kan wayar ba. Wadda ta faɗi a unguwar gaba ma tana iya cusa mata abin da zai kashe na'ura. A kafa sandar ƙarfe mai rigar jan ƙarfe a ƙasa inda kebul ke shiga gida, a haɗa rigar kebul da ita da waya mai kauri gajera, a wuri mai danshi in akwai. Da hunturu kuwa busasshiyar iska mai ƙura tana goga wayar ta tara mata caji, har a ji ƙas-ƙas a lasifika. Naɗin taransfomar yana ba cajin hanya zuwa rigar kebul, amma sai in rigar tana haɗe da ƙasa zai sami inda zai zube.

Zafin Maris da Afrilu shi ma yana da nasa. Zoben yana mayar da wani kaso na ƙarfinka zafi ko da lafiyarsa ƙalau, kuma ferait irin wannan yana daina aiki in ya haura digiri 130. Baƙin akwati a rana tsaka ya riga ya yi nisa a hanya tun kafin ka danna komai. A sa farin akwati, a ajiye shi a inuwar indararo ko bango, a huda ƙananan ramuka a ƙasansa don iska da gumi su fita. Zobe ɗaya yana ɗaukar wat 100 na magana. Amma a tsarin saƙon kwamfuta na FT8, wanda Joe Taylor, mai lambar Nobel ta kimiyyar fiziks, ya fitar tare da Steve Franke a 2017, na'ura tana turawa ba hutu na kusan daƙiƙa 13 a kowane zagaye, don haka a sauko zuwa wat 25 ko 30. In kana cikin aiki ka ga SWR yana hawa a hankali, zoben ne ke neman agaji. Ka tsaya ya huce.

Kafin a danna magana

Ba a turawa sai da lasisi daga hukumar da ke kula da mitoci a ƙasarka, kuma a Nijeriya akwai ƙungiyar masu wannan sha'awa, NARS, wadda ke cikin ƙungiyar duniya. Ƙa'idojin a bayyane suke: ba kasuwanci, ba watsa shiri ga jama'a, ba magana a ɓoye, kuma kana faɗin lambar kiranka a kai a kai. A halin tsaron da muke ciki, doguwar waya da na'ura mai magana za su iya tayar da hankalin mutane, kuma ba laifinsu ba ne. Ka je ka gaida mai unguwa ka yi masa bayani, ka nuna takardarka, ka kira maƙwabta su shigo su ji da kunnensu. Yaran da za su taru a bakin ƙofa kuwa, a bar su su shigo; daga cikinsu ne za a sami masu 5N na gobe.

Wanda bai sami lasisi ba tukuna zai iya kafa wayar ya fara da sauraro. Rediyon gida ba zai fassara muryoyin ba, za ka ji su a cakuɗe, sai mai maɓallin SSB, ko 'yar na'urar SDR da ake soka wa kwamfuta. A maɓallin SSB ɗin, a mita 40 ana sa LSB, daga mita 20 zuwa sama USB. Da hantsi zuwa la'asar a nemi mita 15 da mita 10, da yamma mita 20, bayan magariba har asuba mita 40. In lasisi ya fito, kira na farko a FT8 ya isa gwaji: bayan 'yan mintoci ka buɗe shafin PSKReporter, zai nuna maka a taswira kowace tasha da ta ji ka, da ƙarfin da ta ji ka da shi. In alamun sun taru a gefe ɗaya, ka sauya fuskar wayar ko ka ƙara mata tsawo, ka sake kira a daidai wannan lokaci washegari, ka kwatanta.